Murya Uku, Ciki Ɗaya

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Shekara 25 da ɗoriya ke nan da fitowar kundin waƙoƙin farko na ƙungiyar SHeDAISY, amma har yau in aka ambace shi sai wani ya taɓe baki, ya ce wai ai wannan ba kiɗan country ba ne, wato kiɗan karkarar Amurka, pop ne na zamani aka ɗora wa hular makiyaya. Haba jama'a! A saurari muryoyin mana tukuna.

'Yan'uwa mata ne su uku, ciki ɗaya: Kristyn da Kelsi da Kassidy Osborn, daga garin Magna a jihar Utah ta Amurka. Kundin, The Whole SHeBANG, ya fito a 1999 daga kamfanin Lyric Street na birnin Nashville, Dann Huff ne ya tsara kiɗan, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Babu waƙa ko ɗaya a ciki da Kristyn ba ta sa hannu a rubutunta ba.

Hujjar masu suka ita ce ganguna sun yi ƙarfi, jitar lantarki ta yi yawa. Wannan ai riga ce. Jikin yana cikin muryoyin.

Abin da suke yi ba amshi ba ne irin wanda muka sani, inda mawaƙi zai ja baiti 'yan amshi su karɓe. Su ukun tare suke furta kalma ɗaya a lokaci ɗaya, kowace a matakinta. Kassidy ke riƙe da karin waƙar a tsakiya, Kelsi ta hau samanta, Kristyn ta zauna a ƙasa. A wannan salo, ta sama kan tsallake mataki ɗaya a tsanin sauti ta tsaya a na gaba, kuma in ta kauce ko da ƙiris ne, kunne zai ji kamar ana saɓa zare a saƙa.

Wurare huɗu aikin ke lalacewa. Wasali: in ɗaya ta buɗe baki sosai ɗaya ta tsuke, sautin ba zai narke ba ko da kowa na kan daidai. Sai harafin ƙarshe, musamman "s" da "t", wanda dole su rufe shi tare. Sai wurin jan numfashi. Sai kuma rawar murya a dogon sauti, domin in ta wannan ta fi ta waccan sauri, sai a ji suna karo. A situdiyo abin ya fi tsanani, don akan ɗauki kowace murya sau biyu ko fiye, a raba su hagu da dama. Murya uku sau biyu, shida ke nan. "S" ɗaya ta makara, sai ka ji huci na bin juna kamar taya na sacewa.

Mawaƙan haya kan yi dogon atisaye kafin su daidaita waɗannan. Waɗanda suka tashi ɗaki ɗaya, da harshen gida ɗaya, sun sha shi a nono. Kuma wannan haɗin murya na 'yan gida ɗaya shi ne tsohon ginshiƙin country. Ira da Charlie Louvin da shi suka yi suna a shekarun 1950. Don da Phil Everly ma haka. To ta yaya wanda ya riƙe ginshiƙi zai zama baƙo a gidan? A saurari muryoyin, na ce!

Maganar waƙoƙin ma ba baƙuwa ba ce. A wata, mace ce ta kwashe kayanta ta bar wanda ba ya ganin darajarta. A wata kuma tana cewa za ta so shi iya so, amma ba za ta zama tabarmar taka ƙafa ba. Tun a shekarun 1960 mawaƙiya Loretta Lynn ta riƙa ja wa maza kunne a waƙa, ba wanda ya ce ta fita daga country.

Wuri ɗaya zan sassauta wa masu suka. A 2001 an sake fitar da waƙoƙin da kiɗan rawa, kuma wannan ya ba su sandar duka. Ko dabarar kasuwa ce ko sha'awa, a ganina kuskure ne, don duk lokacin da aka ƙara wa ganga ƙarfi, muryar ƙasa ce ke fara nutsewa. Mai son hukunci ya koma kan na 1999, ya sa na'urar saurare a kunnuwa biyu, ya bi muryar Kristyn ita kaɗai daga farkon baiti zuwa ƙarshe.