Yadda Ake Zaɓen 'Yan Wasa a Gasar Fantasy ta Baseball ta Kullum

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau Amurka za mu leƙa, filin wasan baseball, mu ga yadda masu gasar fantasy ta kullum suke haɗa tawagarsu. Duk wanda ya taɓa buga FPL na Firimiyar Ingila ya riga ya san tushen abin: a ba ka kuɗin da ba na gaske ba, ka sayi 'yan wasa na gaske, abin da suka yi a fili shi ne makinka. Sai dai a nan ba a jiran ƙarshen kaka. Da yamma ka haɗa tawaga, kafin gari ya waye an raba gardama, gobe kuma a sake sabon lale.

Gasar MLB, wato babbar gasar baseball ta Amurka, tana da ƙungiyoyi 30, kowacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, don haka kusan kullum akwai wasa. Kamfanoni biyu ne suka riƙe wannan harka, DraftKings da FanDuel. A DraftKings ana ba ka dala 50,000 ka cike gurbi 10, masu jifa biyu da masu bugu takwas. A FanDuel dala 35,000 ce, gurbi 9, mai jifa ɗaya. Duk lissafin da za ku ji a nan na DraftKings ne.

Ga wanda bai san wasan ba: mai jifa ya jefo ƙwallo, mai bugu ya doke ta da sanda ya ruga zangon farko. Idan ya zagaye zangunan ya dawo gida, ƙungiyarsa ta ci ɗaya. Idan kuwa ya aika ƙwallon ta tsallake katanga, wannan shi ne hom-ron, shi da duk abokansa da ke kan zango su dawo gida ba mai tare su.

To ku riƙe wannan da kyau, domin komai a kansa ya ginu. A baseball, mai bugun da ya dace sau uku cikin goma gwani ne na gaske. Rabon da a samu wanda ya kai huɗu cikin goma a kaka guda tun Ted Williams a 1941. Aaron Judge ya buga hom-ron 62 a 2022, amma ko a wannan kakar akwai darare da yawa da ya shiga ya fita hannu rabbana. Saboda haka wanda ya zuba kuɗinsa kan manyan sunaye kawai, ya sayi tsada ne, bai sayi tabbas ba. Abin da ake nema shi ne yanayin daren: waye zai yi jifa, a wane fili, kuma a wane matsayi ɗan wasanka yake cikin jeri.

Da mai jifa ake farawa, domin shi ne ya fi kusa da abin dogaro. Mai bugu sau huɗu ko biyar yake samun dama a wasa, mai jifa kuwa yakan fuskanci mutum ashirin da ɗoriya, ƙwarewarsa tana da lokacin bayyana. Kuma abin da ya fi kawo masa maki shi ne korar mai bugu, wato ya sa shi ya kuskure jifa uku masu kyau, kowace kora maki 2. Mu ɗauki mutum biyu. Kowannensu ya yi jifa a zagaye shida cikin taran da ake yi a wasa, an ci shi biyu, an doke jifansa an isa zango sau biyar, ya ba da zango kyauta sau ɗaya (wato ya yi jifa huɗu a karkace, aka bar mai bugu ya tafi zangon farko), ƙungiyarsa ta yi nasara. Na farko ya kori mutum tara, ya tashi da maki 27.9. Na biyu ya kori uku, ya tashi da 15.9. A idon mai kallo aikinsu ɗaya, amma tsakaninsu maki 12. Don haka ka nemi mai yawan kora, ka haɗa shi da ƙungiyar da 'yan wasanta suka saba kai wa iska duka. A wannan gurbi ni ban yarda da rowa ba. Kuma kada ka ɗauki masu bugun da za su fuskanci mai jifanka, domin duk abin da ɗaya ya samu daga aljihun ɗayan ya fito.

Sai masu bugu, kuma nan ne dabarar take. Sabon shiga yakan tsinto ɗaya daga nan ɗaya daga can. Tsofaffin hannu kuwa jera 'yan ƙungiya ɗaya suke yi, waɗanda suke bin juna a jerin bugu. Ku dubi dalili. Na farko ya doka ya isa zangon farko, maki 3. Na biyu aka ba shi zango kyauta, maki 2. Na uku ya zo ya buga hom-ron: maki 10 na bugun, 2 na dawowarsa gida, 6 na mutum ukun da ya shigar, shi kaɗai 18. Abokansa biyu kowa ya ƙaru da 2 saboda sun dawo gida. Cikin 'yan mintuna maki 27, kuma idan su ukun naka ne, duka naka ne. DraftKings ta san ƙarfin wannan dabara, shi ya sa ta taƙaita, ba ka wuce masu bugu biyar daga ƙungiya ɗaya.

Wace ƙungiya za ka jera? Wadda za ta gamu da mai jifa mai rauni, wanda ake yawan yi masa hom-ron ko yake yawan ba da zango kyauta. Ka duba hannu: galibi bahagon mai bugu ya fi jin daɗin mai jifa da dama, na-dama kuma ya fi jin daɗin bahago. Ka fifita 'yan saman jeri, daga na ɗaya zuwa na biyar, domin zagayen ya fi dawowa kansu. Ga wani ƙaramin abu da ake mantawa: idan masu masauki suna gaba, ba sa bugu a zagaye na tara, baƙi kuwa nasu tara ɗin cif suke yi.

Fili ma yana da nasa. Coors Field na Colorado Rockies a Denver yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iskar wurin ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya da nisa. Tun 2002 suke ajiye ƙwallaye a ɗaki mai danshi don rage abin, amma har yau filin na masu bugu ne. A Wrigley Field na Chicago iska ce ke mulki, in tana kaɗawa waje ƙwallo ta tsallake, in tana shigowa ta mutu a hannun mai tsaro. Filin Seattle da na San Francisco kuwa masu jifa suka fi yi wa daɗi.

Irin gasar da ka shiga tana canza zaɓi. Akwai wadda rabin mahalarta ke cin nasara, can ka bi abin da ya fi tabbas ko da kowa ya ɗauka. Akwai babbar gasa ta dubban mutane inda 'yan saman kaɗan ke kwashe mafi yawa. A can, idan kowa ya ruga Coors kai ma ka bi, ko wasan ya yi kyau ba ka wuce kowa ba. Sai ka nemi wata ƙungiya mai kyakkyawar dama da jama'a suka kau da kai daga gare ta.

Maganar kuɗi kuwa dole in faɗe ta a fili. Wani nazari kan rabin farko na kakar 2015 ya nuna kashi 1.3 cikin ɗari na masu bugawa ne suka kwashe kashi 91 na ribar, mutane ne masu manhajojin lissafi da ke shigar da ɗaruruwan tawagogi a dare ɗaya. A wannan shekarar babban lauyan jihar New York ya kira harkar caca, kuma har yanzu akwai jihohin Amurka da ba a buga ta da kuɗi. Mun san matsayin caca a wurinmu. Akwai gasannin kyauta, kuma duk dabarun nan suna aiki a cikinsu yadda suke aiki a ko'ina.

Saura aikin ƙarshe kafin a rufe. Ƙungiyoyi sukan fitar da jerinsu 'yan awanni kafin wasa, kuma da yake kullum ake bugawa, koci yakan hutar da babban ɗan wasa ba zato, musamman mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafe ƙwallo. Ka tabbatar kowane naka yana cikin jeri. A nan ne kuma ake tsintar araha, ɗan wasa mai sauƙin kuɗi da aka ɗaga zuwa na ɗaya ko na biyu a wannan daren. Sannan ka duba hasashen yanayi, domin ba a buga baseball cikin ruwa mai ƙarfi, in aka ɗage wasa duk 'yan wasanka na ciki sifiri za su ba ka. In ka ga hadari ya haɗu a garin da ka jera mutum biyar, ka sauya su tun ba a kulle ba.