Fadar Damagaram da rigimar lambu

Hadiza: Jama'a barkanmu da warhaka. Tun da wata mai sauraronmu ta saka hotunan lambun fadar Bersay ta Faransa a gurup ɗinmu na WhatsApp, ba a huta ba. Wai me ya sa fadarmu ba ta da irinsa.

Laminu: Hadiza, bari in fara. Masu wannan magana, nawa ne cikinsu suka taɓa wuce zauren farko? Kullum kabu-kabu na bi da su ta ƙofar fada, sai ranar hawan salla kawai suke ɗaga kai. Bersay gidan kallo ne yanzu, babu sarki a ciki. Tamu fada tana da rai. Mai martaba na ciki, ana zaman fada, ana sasanta mutane, dogarai na bakin ƙofa da jajayen riguna.

Sani: Amma Yaya Laminu, ɗan furanni dai...

Laminu: Da wane ruwa? Garin da ke zaune kan dutse, mata na bin layin famfo da bido tun asuba? Adonmu a bango yake. Shiga Birni, tsohuwar unguwar da fada take, da ƙafa, ka dubi zanen da magina suka yi a fuskar gidaje, ka dubi zankwaye a saman soraye. Da ƙasa da hannu aka yi shi. Zamanin Sarki Tanimun aka kewaye garin nan da ganuwa, har igwa ake ƙerawa a nan. Bature Barth ya sauka a Birni a ƙarshen 1852, ya tarar da kasuwa mai haɗa Borno da Kano da Agadas.

Hadiza: To ai Barebari ne suka kafa sarautar, shi ya sa ba lambu. Da Fulani ne...

Sani: Da shanu sun cinye furannin kafin la'asar!

Hadiza: Kai Sani, kiyaye ni. Bawa ba ya yi wa uwargijiyarsa haka.

Sani: Wace uwargijiya? Ku da kuka zo da ƙwarya kuna tallan nono a bakin ganuwa?

Hadiza: Kuma kuka saya bashi, har yau kakanninka ba su biya ba.

Sani: Nonon da aka tsinka da ruwa?

Hadiza: Ka ga ashe akwai ruwa a garin!

Laminu: Ku bar ni in ƙarasa mana. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran lakwal. A garin nan aka kashe Kyaftin Kazamaju, hafsan sojan Faransa, a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, shekara ta zagayo Faransawa suka ci garin. Nan ne babban birnin Nijar har 1926 da aka mayar Yamai. Yaro ya haddace wannan don jarrabawa, ba wanda ya kama hannunsa ya kai shi ya gani. Tun 2006 Birni ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, ga tsoffin gidaje na zubewa duk damina, masu su na maye su da siminti.

Hadiza: Mun ce za mu faɗi yadda ake neman izinin shiga...

Laminu: Ka je da safe, ka gaida dogarai, ka cire takalmi inda aka ce, kada ka ɗaga waya sai ka tambaya.

Sani: Lokaci ya cinye. Mako mai zuwa unguwar Zango za mu shiga. Hadiza, ki taho da nonon.