Kifin da ya girmi Najeriya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma, ko da yake na san ku can dare ya raba. Ku yi haƙuri da hoton yana rawa, hannuna ne ke karkarwa, na bar safar hannu a ɗakin gwaje-gwaje kuma ba zan koma ba. Sai ƙarni nake yi kamar mai gyaran kifi a kasuwar Yawuri. Amma na ce wallahi ba zan kwanta ba sai na ba ku labarin nan, don tun rana kaina yake ɗaure.

Kun tuna na ce muku na samu ɗan aikin wucin gadi wajen masu binciken kifi a nan jihar Minesota ta Amurka. Ba fannina ba ne, dala 15 a awa ce ta kai ni. Aikina wanke kwalabe, ɗora kifi a sikeli, rubuta lamba. To yau matar da nake ƙarƙashinta ta yafito ni, ta ce zo ka leƙa. Na kafa ido a madubin nan mai ƙara girman abu, sai na ga zobe a cikin zobe, kamar an yanka albasa. Ta ce ƙirga. Na fara, ɗaya, biyu, na farko-farkon masu faɗi ne, ba wuya. Ina wuce ashirin sai suka fara matsewa kamar zaren saƙa. Na kai sittin da wani abu, idona ya kawo ruwa, lissafi ya kuɓuce. Ta yi dariya ta ce kowane zobe shekara guda ne, kuma wannan kifin ya haura tamanin.

Na ce kifi? Tamanin?

Abin da na leƙa ɗin wani ɗan farin dutse ne da ke cikin kunnen kifi, bai fi ƙwayar wake ba. Eh, kifi na da kunne, a cikin kai yake. Dutsen kullum ƙaruwa yake yi har kifin ya mutu. Lokacin zafi kifi na ci yana girma, sai layin ya yi faɗi. Lokacin hunturu, da tafki ya daskare, girma ya tsaya, sai ya bar siririn layi. Su kuma sai su ciro dutsen, su daskarar da shi cikin wani abu mai kama da ƙaro, su yanka da ɗan zarto a hankali har ya yi sirantar da haske ke ratsa shi. Makon jiya guda ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa, farin dutse a kan farin daɓe. Rabin awa ina rarrafe kamar mai neman allura. Kada ku gaya wa kowa.

Kifin da ake magana suna ce masa bigmouth buffalo, wato bauna mai babban baki. Mu muna da giwan ruwa da ragon ruwa, su suna da baunar ruwa, ka ga ashe duk kanwar ja ce wajen raɗa suna. Da can littattafansu sun ce iyakarsa shekara 26, kuma yawanci da ɓawon jikinsa da ƙayar fiffikensa ake ƙirgawa, su kuma idan kifi ya tsufa layukansu cakuɗewa suke yi. Sai a 2019 wani mai bincike, Alec Lackmann, lokacin yana jami'ar jihar Dakota ta Arewa, shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon ƙirga dutsen kunne. Wata mace da aka kamo a nan Minesota, shekararta 112.

Ku tsaya ku yi lissafi da ni. An ƙyanƙyashe ta wajajen 1906. Lugga bai haɗe Kudu da Arewa ba sai 1914. Wato kifin nan ya girmi Najeriya. Ya girmi Sardauna. Lokacin da aka fara bikin kamun kifi na Argungu a 1934, ita tana dab da talatin, tana nan tana iyo abinta. Daga baya ma an samu mai 127 a Kanada.

Ni fa da farko ban yarda ba, na ce wa matar nan ai kowa zai iya ƙirga layi ya ce shekara ne. Sai ta kawo maganar bam. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da aka yi ta yi a sararin sama a shekarun 1950 zuwa farkon 1960 sun cika iska da wani nau'in sinadarin kabon, ya sauka cikin ruwa, ya shiga jikin duk abin da ke girma a lokacin. To idan aka gwada tsakiyar dutsen, wato layin shekarar haihuwa, aka ga babu wannan tambarin, kifin ya riga bam zuwa duniya ke nan. Aka gwada, lissafi ya yi daidai. Nan take na tuna da malaminmu na tarihi, da labarin bam ɗin da Faransa ta tayar a Saharar Aljeriya a 1960, har gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a 1961. Wa zai ce mini wannan darasin zai biyo ni cikin kunnen kifi a Amurka?

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Wannan dattijon kifi, mutanen nan ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Shekara da shekaru yana cikin jerin kifin da suke ganin na banza ne. Akwai masu fita da dare a jirgin ruwa da manyan fitilu suna harbinsa da kwari da baka, don nishaɗi, wasu ko ci ba sa yi. Ni kuwa ranar Asabar dala 14 na ba da a shagon 'yan Afirka a Miniyapolis kan busasshiyar tarwaɗa guda biyu, 'yan firit, waɗanda Inna za ta ba almajiri kyauta. Allah ya kyauta.

Kuma abin tsoron, a wasu tafkunan kusan duk tsofaffi ne. A yankin kogin Pelican an tarar mafi yawansu sun haura tamanin, an haife su tun kafin madatsun ruwan da aka gina a shekarun 1930. Kifin nan idan ƙanƙara ta narke, ruwa ya malala cikin ciyayi, nan yake zuwa ya zuba ƙwai. An tare hanya, ina zai bi? A wani tafkin kuma, Rice Lake, duk shekara suna zuba ƙwai, 'ya'yan su ƙyanƙyashe, kafin ƙarshen bazara sun ɓace, ana zargin wani kifi mai haƙora ne ke cinye su. Sama da shekara 50 babu sabon jini. Gari ne na tsofaffi zalla, ka leƙa ka ga kifi birjik ka ce lafiya lau.

Tana wannan bayani ni kuwa hankalina ya tafi gida. Kakana basarke ne, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ganin madubin nan ba. Amma da ruwan farko ya sauka, tarwaɗa ta fara hawa fadama, in ka kawo masa mai ƙwai a ciki sai ka sha faɗa, ya ce ka cinye kamun baɗi. Yakan ce kafin a datse Kainji a 1968 ya san lokacin kowane kifi kamar yadda ya san lokacin salla. Da na faɗa wa matar nan labarin gaiwa, mai shiga laka ta naɗe kanta ta kwana rani guda cur babu ruwa, ta ce ta karanta amma ba ta taɓa gani ba. Na ce ni da fartanya na haƙo ta ina ɗan shekara tara. Ranar dai na ɗan ɗaga kafaɗa.

Masu kiwon tarwaɗa da ke kallona, na san ku wata biyar ko shida kun kwashe kun kai kasuwa, ba ruwanku da zobe. Amma na kogi fa? Giwan ruwan da ake ɗagawa a Argungu, mutum biyu na nishi, ban taɓa tambayar shekarunta ba, kilo kawai muke tambaya. Kuma girma ba shi ne shekaru ba, tsohuwar nan mai 112 ba ta fi kilo goma da 'yan kai ba.

Wanda zai zo nan kuma, ina gaya maka, kada ka ga tafki ka jefa ƙugiya don ba ka ga mai gadi ba. Sai da lasisi, kuma suna zagayawa. Kada ka bi Bature kan ƙanƙara don ka ga ya shiga da mota, shi ya san kaurinta, kai ba ka sani ba. Kilishi ma bar shi a gida, nawa a filin jirgi aka karɓe, har yau ban huce ba.

Gobe da asuba zan kira Kawu a Yawuri in ce duk ranar da aka samu babbar giwan ruwa kada a jefa kan a tukunya, a fasa a ciro mini dutsen a ajiye a kwalbar turare. Na san abin da zai ce, zai ce boko ya taɓa yaron nan. Ga bas ɗina can ta shawo kwana, in ta wuce sai bayan minti arba'in. Sai an jima.