Laftof mai babban sikirin, tsaya ka duba kafin ka biya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. To yau kan laftof masu babban sikirin za mu yi magana, irin masu inci 16 da 17.3 ɗin nan da mutum ke gani ya ce ai ita ce ƙarshe.

Shi incin nan fa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, inci 17.3 wajen santimita 44 kenan. Amma girman fuska kaɗai ba ya ƙara maka wurin aiki. In resolushan ɗinta, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoto a fuskar, 1920 da 1080 ne, to abin da mai inci 14 mai wannan resolushan ɗin ke nunawa shi za ka gani, illa dai rubutun ya fi ƙato, kuma in ka matso kusa za ka ga bai kai nata kaifi ba. In kana son buɗe fayil biyu gefe da gefe ko kana editin bidiyo, nemi mai 2560 da 1600, ita tsayinta ma ya fi, ba sai kana ta gungurawa ƙasa ba. Sannan ka karkata sikirin ɗin ka kalla ta gefe, in launi ya dishe to nau'in sikirin da ake kira TN ne, ka nemi nau'in IPS wanda launinsa ba ya dishewa haka.

Nauyi kuma, nan mutane ke yaudarar kansu wallahi. A shago za ka ɗaga ta ka ce ba komai, alhali waɗanda aka yi don buga gem kilo biyu da rabi zuwa uku suke, ga cajarta mai wat 230 ko 330 ita ma kaya ce guda, kuma ba kowace jaka ke ɗaukar ta ba, sai ka sayi wata. Akwai marasa nauyi kam, LG Gram 17 ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, sai dai ba don gem mai nauyi aka yi ta ba.

Batir ma kar ka sa rai da yawa. Kamfanoni ba sa wuce 100Wh (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne) saboda ƙa'idar shiga jirgin sama, shi kuwa babban sikirin ci yake ba wasa.

Ni dai in kullum a tebur ɗaya kake aiki, ɗauki babbar. In kana yawo da ita, sayi inci 14 ka ajiye monita a gida, ka jona da wayar HDMI in ka dawo.