Darasi: Canjin bel da boris a injin tanin na katako

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau ba sassaƙa za mu yi ba, injin tanin ɗin ne da kansa, wato mai juya itace ana sassaƙa shi, ba shi da lafiya. Kai, matso da wayar nan kusa da kan injin, ina so su ji da kunnensu. Bari in kunna.

Kun ji wannan gurnanin kamar ana niƙa tsakuwa? Wannan boris ne, wato zoben ƙwallayen da sandar injin ke juyawa a cikinsa. Ɗaya ƙarar kuma, mai fat-fat-fat, bel ne ya tsage yana dukan murfi. Jiya ina kan ƙafar gado ta maɗaci, sai ƙarfen sassaƙa ya riƙa tsalle a hannuna, jikin itacen yana fitowa da gargada. Na wasa ƙarfen har sau biyu kafin in yarda cewa laifin ba nasa ba ne.

To, na kashe. Kafin komai a zare filogi daga soket. Kada ka ce ai an ɗauke wuta, domin wutar nan ba ta sallama in za ta dawo.

Ka sassauta notin da ke riƙe da moto, ka ɗaga shi bel ya saki. Yanzu juya sandar injin da hannu. Mai lafiya sumul take tafiya, ba ka jin komai. Tawa kun ga tana tafiya tana cijewa. Kama bakinta, ka girgiza sama da ƙasa. Akwai wasa. Ɗan kaɗan ne, amma a kan itacen da ke gudu shi ne wancan gargadar. Ka juya fulin moton, wato faifan da bel ke hawa, shi ma da hannu, domin shi ma yana da nasa boris, kada ka kwance kan inji alhali ciwon yana ƙasa.

A irin wannan injin, bel ɗin yana tsakanin boris biyu ne, ba zai fita ba sai an zare sandar gaba ɗaya. Shi ya sa nake cewa in dai ka buɗe, ka canza duka lokaci guda. Masu injin da aka haɗa a gida, irin na maƙeran Panteka a Kaduna, ku Allah ya hutar da ku, galibi fulinku a waje yake, boris ɗinku kuma mai zuwa da gidansa ne, noti biyu ka kwance ya fito.

Ɗauki hoto da waya tun kafin ka taɓa komai. Na cire abin juyawa na baya. A wasu injinan zarensa na hagu ne, in ka ji ya ƙi, gwada ɗaya ɓangaren kafin ka sa ƙarfi. Sai fuli. Akwai ɗan ƙaramin noti a cikin raminsa da ake kwancewa da alanki. Ku kula, wani lokaci biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Ka fitar da na sama, ka ɗauka ka gama, ka yi ta bugu fuli yana nan daram. Leƙa ramin da tocila.

Yanzu guntun katako a gindin sandar, guduma a kan katakon. Ƙarfe ba ya dukan ƙarfe a nan, in ka lanƙwasa zaren bakin nan ka jawo wa kanka aikin da ya fi wannan. A hankali. Kai, tare ta can kada ta faɗi ƙasa. Yauwa. Ga ɗan makullin da ke hana fuli zamewa, jefa shi cikin gwangwani, in ya faɗa cikin dusar katakon nan sai dai wani. Inda notin ya cije jikin sandar ya tayar da ɗan ƙaya, a goge shi da sanfefa mai laushi. In akwai zoben waya da ke tare boris a gidansa, a cire da filaya tukuna, sannan a turo tsohon waje.

Lambar tana rubuce a gefen boris. Na gaba a nawa 6205 ne, na baya 6204. Lambobi biyun ƙarshe, ka ninka su sau biyar, su ba ka faɗin ramin: 05 milimita 25 ke nan, 04 kuma 20. Wannan lissafin daga 04 yake farawa, na ƙasa da haka daban ne, 03 misali 17 ne. Shi 6205 faɗinsa na waje 52, kaurinsa 15. Bayan lambar za ka ga ZZ ko 2RS. ZZ murfin ƙarfe ne, 2RS na roba. Mu da muke cikin garin katako dare da rana, ga ƙurar hunturu a kai, na roba za mu saya. Da giris ɗinsa yake zuwa, kada ka ɓalle murfin ka ce za ka ƙara masa, kada kuma ka wanke shi da kananzir.

In ka shiga Kofar Ruwa ko Sabon Gari, kwali zai ce SKF ko NSK ko NTN, amma ba duk abin da ke cikin kwali ne ɗan halak ba. Jabu ya yi yawa. Dubi rubutun jikinsa, ka juya shi a yatsa, in kuma kuɗin ya yi araha fiye da hankali, ka ajiye musu kayansu.

Yanzu wurin da aka fi kashe boris, wato sakawa. Ku dubi wannan tsohon da na fasa muku. Zobe biyu ne, na ciki da na waje, ƙwallaye a tsakani. In kana sa shi a jikin sanda, zoben ciki kaɗai za ka tura. In kana sa shi a gidansa, zoben waje kaɗai. Duk bugun da ya ratsa ta cikin ƙwallayen nan, sai ya bar musu gurbi a hanyarsu, ido ba ya gani amma kunne zai ji. Ni kaina lokacin ina yaron shago na taɓa dukan zoben waje don in cusa boris a sanda. Bai yi wata ɗaya ba ya fara kuka. Na ce wa maigidana jabu aka sayar mana. Ya karɓa ya juya a kunne, ya dube ni ya ce, "Jabun yana hannunka."

Saboda haka na samo guntun bututu wanda bakinsa ya zauna daidai kan zoben ciki. Sandar kuma tun ɗazu tana cikin firijin maƙwabcinmu mai lemo, a naɗe cikin leda. Sanyi yana tsuke ƙarfe, zafi yana buɗa shi. Boris ɗin na shanya a rana kan kwano, ya isa. Kada a kai shi wuta, mai murfin roba ba a so ya wuce digiri 80. Ɗan mai kaɗan a jikin sanda, bututu, bugu ƙanana. Kun ji sautin ya canza? Ya zauna ke nan.

Tsaya! Kafin ka zura sandar, ina bel? Rataya shi a fuli tun yanzu. Babu wanda ya daɗe a sana'ar nan da bai taɓa ɗaure komai tsaf ba, sannan ya waiga ya ga sabon bel a kan benci.

Shi bel ɗin nan samfurin A ne, faɗin bayansa milimita 13, na B kuma 17. Lambar da ke bin harafin tsawonsa ne a inci. In ta goge, ka tafi da tsohon kasuwa. Da gefensa yake kama fuli, ba da ciki ba. In ka ga ƙasan ramin fuli yana ƙyalli, to bel ya cinye har ya zauna ƙasa, ko kuma fulin ne ya cinye, sabon bel ba zai yi maganin wannan ba.

Na mayar da makulli, na mayar da fuli. Kafin in ɗaure, na ɗora rula a gefen fulin sama da na moto, su yi layi ɗaya. In sun karkace, bel zai riƙa cin gefe guda.

Sai ɗauri. Yara suna son su ja bel ya yi tauri kamar tsarkiyar baka, wai kada ya zame. Wannan jan, boris ɗin da ka saka yanzu ne yake ɗaukarsa, da na moto. Danna tsakiya da babban yatsa, a gajeren tazara irin wannan ya lotsa kamar santimita ɗaya. Bayan kwana biyu ka sake dubawa, sabo yakan ɗan saki.

Juya da hannu tukuna. Sumul. Rufe murfi, sa filogi, a gudu mafi ƙanƙanta, babu itace a kai. Za mu bar shi minti goma, sannan in kashe in taɓa gidan boris. Ɗumi ba komai, amma in hannu ya kasa zama a kai, a sake buɗewa.

Kai, miƙo min ƙafar gadon nan ta jiya, mai ita da la'asar zai zo.