Sunaye bakwai a cikin gafakar Baffa

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da muryar, sanyin Birmingham ne ya tarbe ni tun daga filin jirgi, yau kwanana huɗu da dawowa daga gida. Hotunan da za ku riƙa gani ina magana, a Zariya na ɗauke su, cikin birni, a makon Babbar Sallah.

'Yata ce ta jawo wannan tafiya. Ta dawo daga makaranta da takarda, an zana bishiya, an ce kowane yaro ya cike rassan da sunayen iyaye da kakanni. Na ba ta sunan Baba, na ba ta na kakana, na ba ta na baban kakana, daga nan na koma sosa ƙeya. Kakata ta wajen uba kuwa sai da na buga waya gida, don ni tun tasowata Iya na ji ana ce mata.

Washegari na ba wani Bature abokin aikina labari, sai ya juyo mini da kwamfuta. Nasa jerin ya gangara har shekarun 1600, suna da shekara da sunan ƙauye. Ba abin mamaki ba ne in ka san yadda ƙasar take. Tun 1538 aka umarci kowane coci a Ingila ya riƙa rubuta wanda aka yi wa wankan baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. A 1837 gwamnati ta fara nata rajistar haihuwa da mutuwa, ƙidayar 1841 kuma ta rubuta sunan kowa gida-gida. Sai ya ƙara da cewa asalinsu wani barde ne da ya shigo tare da William, sarkin da ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Na ce to ina sunayen da ke tsakanin 1600 da 1066? Ya yi dariya ya ce wannan wurin a intanet ya samo. Ku riƙe wannan tsallen nasa, za mu gamu da irinsa a gidanmu.

Ga mu nan muna shiga ta Ƙofar Doka. Wanda kuke gani a zaure kan buzu Baffa ne, wan mahaifina, shi ne babba a gidan yanzu. Na durƙusa muka gaisa, na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, asalinmu na zo tambaya." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai da ka tafi Turai neman boko, yanzu kuma mu ka dawo nema?" Sai da aka yi la'asar ya aiki yaro ya ɗauko gafaka daga ɗakinsa.

Ku dubi fatar nan yadda ta yi baƙi saboda hannu. Alƙur'ani ne rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, baƙaƙen da baƙar tawada, wasullan da ja. Gefen takardun ya ci, gara ta taɓa wasu. Baffa bai bar ni na taɓa ba sai da na sake alwala. Ya buɗe warƙar ƙarshe, inda mai rubutu kan sa sunansa ya roƙi gafara ga kansa da iyayensa. A nan kakan kakana ya rubuta sunansa, ɗan wane, ɗan wane. Sunaye uku. In ka haɗa da huɗun da na sani, har da ni, bakwai ke nan. Ba zan karanto muku su ba, Baffa ya ce ba a baza sunan magabata a kasuwa.

Abin da ake faɗa a gidanmu shi ne wannan malamin yana saurayi lokacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu yake gina Masallacin Juma'a, zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. In haka ne, kakansa ya rayu wajen tsakiyar ƙarni na 18. Nan takarda ta tsaya. Abin da Turawa ke kira tsakiyar zamani, inda Baturen nan ya ce asalinsu ya kai, ya ƙare ne wajen 1500, kun ga da sauran shekara ɗari biyu da wani abu tsakanin inda takardar ta tsaya da ƙarshen wannan zamanin ma.

Sai ga wata takarda ta faɗo daga cikin gafakar, 'yar littafin makaranta mai layi-layi, rubutun biro. Sunaye sun fi talatin, an jero su tiryan-tiryan daga malamin nan har Gabas. Gabana ya faɗi don murna. Baffa ya karɓe ta ya ninke ya ce, "Waccan ta malam ce, wannan kuwa ta son zuciya ce." Wani ɗan'uwa ne ya haɗa ta shekarun baya. Kun ga tsallen Baturen nan? Ga namu. Shi ya faɗa kan William, mu mun faɗa Gabas. Ban taɓa jin wanda ya yi irin wannan tsalle ya dira a gidan maƙeri ko majemi ba, kullum sai kan sarki ko sharifi.

Wanda yake da dogon jeri a Zazzau shi ne garin kansa. Jerin sarakuna yana farawa da Gunguma, jikan Bayajidda a labarin Hausa Bakwai, ya biyo har Bakwa Turunku da ake sa wa shekarar 1536, da Amina 'yar Bakwa, da ƙanwarta Zariya da aka ce sunanta garin ya ci. Wannan dutsen da kuke gani a bayana Kufena ne, wajen Wusasa, tsohon mazauni tun kafin birnin yanzu. Amma ko Amina, da duk sunanta, Tarihin Kano ya ambace ta ne a zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438, wato shekara ɗari kafin lokacin da jerin Zazzau ya ba Bakwa. Kanawa, na san za ku ce naku ne daidai, ku bari sai mun haɗu. In sarauniyar da ake jingina wa ganuwa tana yawo tsakanin ƙarni biyu, ina ga kakan talaka?

Sannan akwai jihadi, wanda ya raba tarihin garin gida biyu. Da Malam Musa ya ci Zariya da tutar Shehu, Sarki Makau ya fita da mutanensa zuwa kudu wajen Zuba, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja bayan babban birnin tarayya ya karɓe sunan. Masu riƙe da tsohon labarin fada da yawa can suka bi. A nan kuma aka sami gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Su sun san jerinsu sarai, don gadon sarauta a kansa yake tafiya. Ai kun gani a 2020, bayan rasuwar Sarki Shehu Idris, da aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli kowa lissafi yake cewa shekara ɗari rabon Mallawa da karagar tun Alu Ɗan Sidi. Mu da ba mu da gadon komai sai allo da tawada, ba wanda ya tilasta mana riƙe fiye da abin da za a ambata a addu'a.

Yanzu mu shiga cikin gida. Wannan tsohuwar mai tsinken goro ƙanwar kakana ce, ita kaɗai ta rage a sahunsu. Tana ganina ta ce, "A'a, mijin nawa ya dawo, ina tsarabata, ko Baturiya ta ƙwace ka?" Na zauna kan tabarma na ce, "Kaka, takardar Baffa duk maza ne, ina matan?" Ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba. Sai ta ce maza suna rubutawa, mata suna tunawa. Ta jero mini mata biyar, ba ko ɗaya da sunan yanka, duk sunan alkunya ne ko na garin da aka auro su. Da ta zo kan kakarta ta wajen uba sai ta sassauta murya, ta ce in kawar da abin ɗaukar nan daga fuskarta, shi ya sa kuke ganin bango.

Ba aurota aka yi ba. Daga kudancin Zazzau aka kawo ta tana yarinya, ta zauna a rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, daga baya aka sa ta a ɗaka. Ta mutu da tsagar mutanenta a fuska, Hausarta ba ta taɓa fita sosai ba, in tana daka da wani yare take waƙa. Kaka ta rera mini layi biyu da ta riƙe tun tana ƙarama, ba ta san ma'anarsu ba. Masarautar Zazzau ta yi suna da rinjoji a ƙarni na 19, Turawa sun ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Saboda haka gidajen da ke da irin wannan kaka a cikin birni ba kaɗan ba ne, faɗa ne ba a yi. Ni dai jininta yana jikina daidai da na mijinta malam, kuma ba ta cikin takardar biro mai zuwa Gabas.

A jirgi na yi wani lissafi a bayan tikiti. Iyaye 2, kakanni 4, sai 8, sai 16. Hawa goma 1,024. Hawa ashirin ya haura miliyan. Hawa talatin, wato kamar shekara 900 baya, ya haura biliyan, alhali mutanen duniya duka a lokacin ba su kai rabin biliyan ba. Ma'ana mutum ɗaya yana maimaituwa a rassa da yawa, balle mu masu auren zumunci. In haka ne, waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka aka gina ganuwar nan, da waɗanda aka gina ta don a tare su, da wuya a ce babu kakannina a kowane ɓangare.

Jiya da daddare muka cike bishiyar da 'yata. Reshen maza bakwai, ita ta takwas. A reshen matar nan ta tambaye ni me za ta rubuta, na ce ta sa sunan da Kaka ta kira ta da shi. Layi biyun waƙar suna cikin wayata, na tura wa wani abokina ɗan Kafanchan da muke tare a nan, ya ce zai kunna wa mahaifiyarsa ranar Lahadi ko za ta gane yaren.