Darasin awo: daga inci zuwa desimita

Assalamu alaikum jama'ar Maradi, barkanmu da warhaka. Yau kowa ya ɗauko tef ɗinsa na awo, irin na tela ma ya isa. Ku juya shi. Kun ga gefe ɗaya santimita ne, ɗaya gefen kuma lambobin sun fi tazara? To wancan shi ne inci.

Mu a lakwal mita aka koya mana, amma kayan da ke shigowa daga Kano da Katsina ta Ɗan Isa da inci suke zuwa: ƙusa inci uku, talabijin inci 32, yadi. Dole mu iya juya su.

Inci ɗaya santimita 2,54 ne daidai, haka aka tsayar tun 1959. Desimita kuwa santimita 10 ce. Ke nan inci ɗaya desimita 0,254. Mu nan waƙafi muke sawa, a Najeriya ɗigo za ku gani, duk abu ɗaya ne, kada ya ruɗa ku.

To, ku ninka adadin incin da 0,254, shi ke nan. Mu gwada da talabijin ɗin nan: 32 sau 0,254, ya ba mu 8,128. Amma ku lura, daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna allonta. Kafinta, in ka yanka wa maigida kantar ɗora talabijin da wannan lamba a matsayin faɗi, ka yi asarar katako.

A kasuwa ba kowa ke da lokacin latsa waya ba. Ga dabara: inci huɗu kusan desimita ɗaya ne. Na ce kusan! Ainihinsa 1,016. A ƙusa ba komai. Amma ɗauki atamfa yadi shida. Yadi ɗaya inci 36, shida ke nan inci 216. Da dabarar kasuwa ka raba da huɗu, ka samu 54. Da lissafin gaskiya kuwa 54,864. Kun ga santimita kusan tara sun ɓace, kuma hajiya za ta gane a tsawon zanenta, ba sai an faɗa mata ba.

Yanzu ku gwada da kanku: ƙafa ɗaya inci 12 ce. Desimita nawa? Ku rubuta, bayan kiɗan nan za mu duba tare.